Allurar Botox don igiyoyin wuya: tambayoyi da amsoshi ga mazauna Legas

Daga Lekki zuwa Ikeja, yanzu da wuya ka shiga gidan gyaran jiki ba ka ga tallar allurar "ɗame wuya" ba, kuma tambayoyin da jama'armu na Agege, Idi-Araba da Obalende ke yi a kanta kusan iri ɗaya ne. Mun tattara su a nan. Abin da za ku ji yana ta dawowa cikin amsoshin shi ne, allurar nan tsoka kaɗai take kwantarwa, kuma a wuya tsokar da ake nema tana kwance ne dab da inda ake haɗiya da inda murya ke fitowa.

Layukan nan biyu da ke tasowa a gaban wuyana idan ina magana, jijiyoyi ne?

Jijiyoyin wuya muke ce musu a baki, amma ba jini ke gudana a cikinsu ba. Gefunan tsoka ne. Akwai wata tsoka mai faɗi, siririya kamar mayafi, da ake kira platisma. Tana farawa daga saman ƙirji da kafaɗa, ta haura wuya, ta manne da ƙashin muƙamuƙi da fatar gefen baki. Tana nan a ƙarƙashin fata kai tsaye. A ƙuruciya kitse da kaurin fata suna rufe ta, ba a ganinta. Idan shekaru suka ja, kitsen ya ragu, fata ta yi siriri, gefunan tsokar na gaba suka saki daga abin da ke riƙe su, sai su fito kamar igiyoyi biyu daga haɓa zuwa gindin wuya. Wasu suna da ƙarin guda a kowane gefe. Suna saurin bayyana ga siraran mutane, da masu ɗaga ƙarfe, da wanda ya rame farat ɗaya bayan jinya ko allurar rage ƙiba.

An ce guba ce. Gaskiya ne?

Gaskiya ne. Sunan gubar botulinam, Botox kuwa sunan da wani kamfani ya ba tasa ne. Wata ƙwayar cuta ce ke samar da ita, wadda wani masani ɗan Beljiyam, Emile van Ermengem, ya gano a 1895 bayan wasu mutane sun ci gurɓataccen nama. A abinci tana iya kisa. Abin da ke cikin kwalbar asibiti kuwa tacecce ne, kuma kaɗan ne ƙwarai, har ba a auna shi da miligiram, sai da yunit.

Ga yadda take aiki. Jijiyar da ke ba tsoka umarni tana sakin wani sinadari, asetilkolin, shi ne saƙon "ja". Maganin yana shiga bakin jijiyar ya yanke wani furotin mai suna SNAP-25, wanda sai da shi saƙon ke fita. Tsokar tana nan lafiyarta ƙalau, saƙo ne ya daina isa gare ta, sai ta kwanta. Cikin watanni jijiyar tana gyara kanta, aiki ya dawo.

Likitan ido Alan Scott ne ya fara amfani da ita ga masu karkataccen ido, kuma FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, ta amince da ita a 1989. An amince da ita don layin tsakanin gira a 2002. Igiyoyin wuya kuwa, duk da an daɗe ana yi, sai a watan Oktoba na 2024 hukumar ta ba Botox izini a hukumance.

Ta yaya zan san ko za ta yi mini amfani kafin in kashe kuɗina?

Wannan ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, kuma rabin amsarta yana gaban madubinku. Ku cire mayafi da sarƙa, ku tsaya inda haske ke zuwa ta gefe, kamar kusa da taga. Ku yi abu uku.

Na farko, ku saki fuska gaba ɗaya, ku dubi wuyan. Na biyu, ku cije haƙora, ku ja gefen baki ƙasa kamar mai cewa "iiii" da ƙarfi. Idan a sake wuyan sumul yake ko kusan haka, sai da kuka cije igiyoyin suka miƙe tsaf kamar tsirkiyar baka, to matsalarku ta tsoka ce, kuma irinku ne allurar ta fi yi wa kyau. Na uku, ku kama fatar gaban wuya da yatsa biyu, ku ja ta a hankali, ku saki. Idan ta koma nan take, madalla. Idan ta tsaya a tattare tana komawa sannu-sannu, ko kuma dama tana reto a ƙarƙashin haɓa ko ba ku yi komai ba, fatar ce ta yi yawa. Allura ba ta rage fata ko da santimita ɗaya. Wani lokaci ma tsokar ce ke ɗan tallafe da fatar, idan aka kwantar da ita sai reton ya ƙara fitowa.

Sannan ku matsa ƙarƙashin haɓa. Idan abin da kuka kamo mai laushi ne, mai kauri, kitse ne, shi ma ba ruwan allurar da shi. A ganinmu, yawancin masu baƙar fata da ke korafin wuya a nan suke. Fatarmu tana da jinkirin yamutsewa, tsufanmu ya fi nunawa ta nauyin ƙasan fuska da taruwar kitse a haɓa. Don haka ba ƙaramin adadi ba ne na masu neman allurar nan da bai kamata a sayar musu da ita ba. Likitan da ya duba wuyanku ya ce "Hajiya, wannan ba aikin allura ba ne", ku riƙe shi da kyau.

Layukan da suka gitta wuya kamar sarƙa fa?

Waɗannan naɗin fata ne, da yawa tun suna yara suke da su, kuma a wajenmu ma ado ne. Allurar ba ta yi musu abin a zo a gani. Kada ku biya kuɗi dominsu.

Yunit nawa ake sa wa, kuma a ina ake sokawa?

Tsarin da aka amince da shi na Botox ya kasu kashi biyu.

Layin muƙamuƙi: wuri 4 a kowane gefe, yunit 2 a kowane wuri, jimla yunit 16 a gefe biyu. Ana jera su santimita 1 zuwa 2 a ƙasa da gefen ƙashin muƙamuƙi, na gaba ya yi daidai da kusurwar baki, na baya ya tsaya kafin kusurwar muƙamuƙin.

Igiyoyin kansu: wuri 5 a kan kowace igiya, yunit 1 a kowane wuri, da tazarar santimita 1 zuwa 2. Mai igiya ɗaya a kowane gefe zai samu yunit 26 gaba ɗaya. Mai ɗaya a gefe, biyu a ɗaya gefen, 31. Mai biyu-biyu, 36.

Kwalbar yunit 100 ana haɗa ta da mililita 2.5 na ruwan gishirin asibiti mai ƙarfin kashi 0.9 cikin ɗari, ta yadda kowane mililita 0.1 zai ɗauki yunit 4. Ke nan yunit 1 bai fi ɗigo ɗaya ba. Ana amfani da siririyar allura mai lamba 30 zuwa 32, irin ta masu ciwon suga.

Zurfin sukar ya fi adadin muhimmanci. Mai yin zai ce ku cije, ya kama igiyar tsakanin babban yatsa da manuni, ya ɗago ta daga abin da ke ƙarƙashinta, sannan ya soka sama-sama cikin abin da ya kama. Sau da yawa za a ga ɗan tudu kamar cizon sauro, alamar bai nutsa ba. Tsakiyar wuya, kan maƙogwaro, ba a zuwa can. Wasu likitoci suna ɗan sauya tsarin bisa ƙarfin tsokar mutum, maza kan buƙaci ƙari, amma idan kuka ji ana maganar yunit 80 ko 100 a wuya a zama ɗaya, ku tambayi dalili kafin ku zauna.

A kula, yunit ɗin wani kamfani ba na wani ba ne. Yunit 36 na Botox ba daidai yake da yunit 36 na Dysport ba. Likitoci kan lissafa yunit 2.5 zuwa 3 na Dysport a madadin ɗaya na Botox. Xeomin da wasu na Koriya ta Kudu sun fi kusa da ɗaya-da-ɗaya. Jin "yunit 50 aka sa mini" ba ya nufin komai sai an faɗi na wane kamfani.

Mene ne "ɗagin Nafartiti" da ake talla?

Allurar layin muƙamuƙi ce aka yi wa suna da sarauniyar Masar ta dā mai dogon wuya. Platisma ƙasa take jan gefen fuska. Idan aka kwantar da samanta, tsokokin da ke ja sama sai su ɗan rinjaya, layin muƙamuƙi ya ɗan fito. Canjin kaɗan ne. Hotunan talla da ke nuna haɓa ta koma ta 'yar shekara ashirin, yawanci miƙa wuya ne da sauya haske.

Yaya ranar take? Akwai zafi?

A zaune ake yi, ba a kwance ba, don igiyoyin sun fi fitowa. Za a ɗauki hoto a sake da a cije, a goge wuya da abin kashe ƙwayoyin cuta, a yi alama da fensir, a yi sukar. Minti 10 zuwa 15. Zafin kamar na tsinke ne, ƙanƙara ko man kashe zafi sun isa. Ku sa riga mai buɗaɗɗen wuya. Maza su yi aski kwana ɗaya kafin nan, kuma idan akwai ƙurajen aski masu ruwa a wajen, a ɗaga ranar.

Bayan an gama, na yini ɗaya: kada a murza wuya, kada a ɗaure hijabi ko ɗankwali tamau a ƙarƙashin haɓa, a ajiye sarƙa mai nauyi, a bar motsa jiki mai tsanani. Dilka, halawa, tausa da suracen fuska su jira kamar mako guda a wuyan, domin mai dilka da ƙarfinta take murzawa.

Yaushe zan ga canji? Ina da biki a gaba.

Ana fara gani cikin kwana 3 zuwa 5, ya kammala a mako biyu. A lokacin ne ake komawa a duba, idan wata igiya ta tsira a ƙara mata yunit kaɗan. Yana ɗaukar wata 3 zuwa 4, kuma ba a maimaita cikakkiyar allurar kafin wata uku su cika.

Don biki, ku ba da mako huɗu. Biyu na kamawa, biyu na gyara ko na bajewar taruwar jini. Wadda ba ta taɓa yi ba, kada ta fara gwaji ana saura mako ɗaya kamu. Idan baki ya karkace, babu mai kwalliyar da za ta iya miƙe shi a hoto.

Me zai iya lalacewa, kuma me ke jawo shi?

Ƙananan abubuwa su ne taruwar jini, ɗan kumburi, ciwon kai, da jin wuya ya yi nauyi na 'yan kwanaki. Aspirin, ibuprofen da diclofenac suna ƙara taruwar jini. Amma wanda likita ya ɗora a kan maganin tsinka jini saboda zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, kada ya daina don allurar ado.

Manyan kuwa kusan dukkansu tushensu ɗaya: maganin ya isa tsokar da ba ita ake nema ba.

Karkacewar murmushi. A saman gefen muƙamuƙi akwai tsokar da ke jan leɓen ƙasa. Idan aka soka sama da yadda ya kamata, ko aka matso kusa da haɓa, leɓen gefe ɗaya zai ƙi sauka. A rufe da baki ba a gani, sai an yi dariya ko ana magana. Wasu ruwa kan zubo musu ta gefen baki wajen kurkure. Shi ya sa ake barin aƙalla santimita 1 a ƙasa da ƙashin.

Wahalar haɗiya. Ƙarƙashin platisma akwai siraran tsokoki da ke ɗaga maƙogwaro duk lokacin da aka haɗiye. Suka mai zurfi a gaban wuya, ko adadi mai yawa, ko ruwa mai yawa da ke sa maganin ya bazu, suna raunana su. Mutum zai ji lomar tuwo ko tsokar nama ta tsaya masa, sai ya kora da ruwa. A shekarun baya, lokacin da ake zuba yunit 100 ko fiye a wuya, an fi ganin wannan, kuma shi ne dalilin da adadin ya sauko.

Sauyin murya. Dishewa, ko kasa ɗaga murya. Limami, ladan, mai wa'azi, malamar makaranta, mawaƙi, duk wanda da muryarsa yake ci, ya faɗa wa likita sana'arsa tun farko.

Raunin wuya. Idan maganin ya shiga babbar tsokar gefen wuya, wadda ta taso daga bayan kunne, ɗaga kai daga matashi da safe zai yi wuya. Mai ɗaukar kaya a ka zai fi kowa jin wannan.

Bushewar baki, idan ya taɓa ƙullutun yawu da ke ƙarƙashin muƙamuƙi.

Babu allurar da ke warware waɗannan. Sai jira, daga makonni kaɗan zuwa kusan wata uku. Wanda ya ce zai "narkar" muku da Botox, ya haɗa ta ne da allurar cika fata, wadda ita ce ke da abin narkarwa.

Wace alama ce ta gudu asibiti?

Tun 2009 akwai gargaɗi mafi girma a kan kwalin duk irin waɗannan magunguna, cewa suna iya bazuwa nesa da inda aka soka, cikin sa'o'i ko makonni. Idan numfashi ya yi wuya, ko ruwa ya fara sarƙe mutum yana fitowa ta hanci, ko ya kasa haɗiye yawunsa, ko yana ganin abu biyu-biyu, fatar ido ta faɗi, magana ta harɗe, gaɓoɓi suka saki, to ba lokacin aika wa mai allurar saƙon WhatsApp ba ne. A nufi sashen gaggawa na babban asibiti mai ɗakin kulawa ta musamman, kamar LUTH a Idi-Araba ko LASUTH a Ikeja, ko a kira 112 ko 767. A gaya musu kai tsaye an yi allurar botulinam, ranar kaza, a nuna hoton kwalbar. Kunya a nan tana cin rai, domin likitan da bai san an yi allura ba zai ɓata sa'o'i yana neman shanyewar jiki. Maganin karya gubar yana tsayar da abin da bai riga ya shiga jijiya ba ne kawai, don haka kowace sa'a tana da daraja.

Su waye bai kamata su yi ba?

Mai ciki da mai shayarwa. Mai cutar raunin tsoka irin su maiyasteniya, ko wata cutar jijiya da tsoka. Wanda dama yana da matsalar haɗiya ko numfashi. Mai ƙurji ko miki a wuyan. Wanda jikinsa ya taɓa ƙin irin wannan allura, kuma mai ƙin furotin ɗin madarar shanu ya guji Dysport.

Abu biyu sun shafe mu musamman. Na ɗaya, allurar jentamaisin da ake yi barkatai a kemis. Ita da danginta, irin su siteftomaisin, suna ƙara wa maganin ƙarfi. Ku faɗa idan kuna kanta, kuma kada ku karɓe ta a makonnin da suka biyo baya ba tare da likita ya sani ba. Na biyu, maƙoƙo da kaluluwa. Duk kumburi ko ƙullutu a wuya, a fara sanin mene ne shi da hoto da gwajin jini, kafin a yi zancen ado.

Ta yaya zan gane na gaske daga jabu a Legas?

A nan ne muka fi jin tsoro. Ko a Amurka, a 2024, an kwantar da mutane a asibiti a jihohi da dama bayan an yi musu allurar jabu, yawanci a gidaje da wuraren gyaran jiki. Matsalar jabu ba rashin aiki kaɗai ba ce. Babu wanda ya san yunit nawa ne a ciki, zai iya zama babu komai, zai iya ninka abin da aka rubuta sau da yawa.

Ku nemi a kawo kwalin a buɗe a gabanku. Ku duba sunan kamfani, lambar rukuni da ranar lalacewa, kuma na jikin kwali su yi daidai da na jikin kwalba. Ku nemi lambar rajistar NAFDAC, ku bincika ta a kundin hukumar na intanet mai suna Greenbook. Ku ɗauki hoto. Botox na gaske a ƙasar Ayalan ake yin sa, yana zuwa a yunit 50, 100 ko 200. Daga cikin jabun da aka kama a Amurka akwai masu rubutun yunit 150, wanda kamfanin ba ya yi.

Kwalbar gaske kamar babu komai a ciki take, sai wani ɗan farin dusa-dusa a ƙasanta. An zuƙe iskar ciki, don haka da an soka sirinji ruwan gishirin da kansa yake shigewa. Kwalbar da ba ta ja ruwa ba, umarnin kamfani shi ne a jefar.

Sai maganar sanyi. Botox da Dysport suna zama ne a firji tsakanin digiri 2 zuwa 8. Kun san halin wutarmu. Ku tambaya: firjin maganin na kan inbata ko sola ne? Akwai ma'aunin zafi a ciki? Wurin kirki ba ya jin haushin wannan tambaya. Xeomin da ba a buɗe ba yana jure har digiri 25, amma jakar da ta yi awa uku a goslon gadar Third Mainland da rana tsaka ta wuce haka nesa. Bayan an haɗa da ruwa kuma, kamfanin Botox ya ce a yi amfani da shi cikin awa 24, a firji. Sirinjin da aka fito da shi a cike daga aljihun tebur, ba ku san ranar da aka haɗa shi ba, ba ku san ruwa nawa aka ƙara ba.

Wata tana zuwa har gida ta yi, kuma da sauƙi. Laifi ne?

Mun san abin da ke jan mutane: sirri, da gudun cunkoso, da mace ta fi sakewa da 'yar'uwarta mace. Amma ba ma goyon baya, a wuya musamman. Ku nemi likitan fata, ko likitan tiyatar gyaran jiki, ko likitan da ya samu horo a kan wannan, mai rajista da MDCN, hukumar da ke yi wa likitoci rajista a Najeriya, da lasisin bana. Wurin kuma ya kasance yana da rajista da HEFAMAA, hukumar jihar Legas mai sa ido kan cibiyoyin lafiya. Akwai likitoci mata da yawa a wannan fanni, ku nemi mace tun wajen karɓar lokaci. Takardar kwas ɗin kwana biyu da aka rataye a bango ba lasisi ba ce. Tambaya ɗaya tana tona asiri: "Idan na kasa haɗiya da daddare, wa zan kira, ina za ku kai ni?"

Nawa ne kuɗin?

Daga waje ake shigo da shi, don haka dala yake bi. Abin da za ku riƙe shi ne yadda ake lissafi. Wasu da yunit suke sayarwa, wasu da "wuri". Ku nemi a rubuta muku sunan maganin, adadin yunit da kuɗin kowane yunit, kuma ku tambaya ko duban mako biyu yana ciki. Sannan ku ninka sau uku, domin abin da shekara za ta ci ke nan. Idan farashi ya faɗi ƙasa da na kowa sosai, ɗaya cikin uku ne: jabu, ko an tsinka shi da ruwa, ko ragowar kwalbar wani.

Ina shafa man ƙara haske. Akwai matsala? Allurar na barin tabo?

Sukar ba ta cika barin tabo ba, ko ga masu fatar da ke yin tabo mai tudu, amma ku faɗa. Taruwar jini a baƙar fata kan bar duhu na makonni. Man bilicin kuwa, musamman mai sitiroyid irin kilobetasol, yana sa fatar wuya ta zama kamar takarda, ƙananan jijiyoyi su fito, jini ya riƙa taruwa da ɗan taɓi. Shi kansa yana cikin abin da ke tona igiyoyin kafin lokacinsu. Wadda ta daɗe tana shafawa kada ta yanke rana ɗaya, likitan fata ya tsara mata yadda za ta janye.

Salla da azumi fa? Kuma ya halatta?

Likitoci da yawa kan ce a guji kwanciya da dogon sunkuyo na awa huɗu. Mafita mai sauƙi ita ce a karɓi lokacin ƙarfe takwas ko tara na safe, kafin azahar awannin sun cika. Alwala ba ta kai wuyan gaba, wanka kuma a zuba ruwa ba tare da cuɗawa ba. Malamai da yawa suna ganin allurar da ba ta abinci ba ba ta karya azumi, duk da haka babu abin da ke hana a jira bayan salla.

Game da halacci, malamai sun bambanta tsakanin gyaran aibi ko cuta da kuma neman ƙarin kyau. Ku je wa malaminku da bayani daidai: ba yanka ba ne, yana gushewa cikin watanni, kuma Botox na ɗauke da ɗan furotin da aka tace daga jinin ɗan'adam. Ana kuma yin allurar don cuta zalla, kamar murɗewar wuya, ko wuyan da ke ɗaurewa bayan shanyewar ɓarin fuska.

Idan allura ba tawa ba ce, me ya rage?

Kitsen haɓa, rage ƙiba ko zuƙe shi. Fatar da ta ɗan saki, na'urorin ɗumama ƙarƙashin fata suna ɗan taimakawa, amma a baƙar fata sai a hannun wanda ya san saitinsu, don ƙuna tana barin baƙin tabo. Fata mai reto da igiyoyin da ke tsaye ko a sake, tiyata ce maganinsu: a ɗinke gefunan tsokar biyu a tsakiya ta ɗan yanka a ƙarƙashin haɓa, a ja fatar ta bayan kunne. Na kullum kuwa, man kariya daga rana mai lamba 30 ko fiye har zuwa wuya, da barin taba da shisha.

An yi mini, mako biyu ya wuce, ban ga komai ba. Me ya faru? Kuma idan na daina, wuyan zai fi da muni?

Ku sake gwajin madubi. Idan kun cije igiyar ta miƙe da ƙarfinta kamar da, maganin bai kama ba: ko ya mutu da zafi, ko jabu ne, ko ya yi kaɗan, ko an soka gefen igiyar. Idan kuwa kun cije ba ta tashi, amma wuyan bai yi muku kyau ba, maganin ya yi aikinsa, abin da ke damunku fata ne ko kitse, kuma ƙarin yunit ba zai sauya shi ba. Akwai kuma 'yan kaɗan da jikinsu ke gina garkuwa ga maganin, galibi masu yawan karɓa kusa-kusa. Kada ku tafi wani wuri a ƙara muku a ɓoye, domin adadin biyu haɗuwa suke a wuya ɗaya. Ku koma da hoton kwalbar da takardar adadin yunit.

Dainawa ba ta ɓata komai. Cikin wata uku zuwa huɗu tsokar za ta dawo yadda take, sai dai idon da ya saba da sumul zai ga kamar igiyoyin sun ƙaru. Ku ajiye hoton ranar farko, a sake da a cije, da shi za ku gwada.